Sinawa a Kantin Kwari: Jayayyar Matsayi a Cinikin Tufafi na Kano

Kasuwar Kantin Kwari da ke yankin Fagge a birnin Kano ita ce babbar matattarar cinikin tufafi a arewacin Nijeriya, kuma daga cikinta ne 'yan sari na Maraɗi da Damagaram da Njamena da Garwa suke ɗaukar atamfa da shadda da leshi da yadi su kai garuruwansu. Tun daga farkon shekarun 2000 mafi yawan abin da ake jibgewa a shagunanta daga ƙasar Sin yake fitowa, kuma ba a jima ba Sinawa da kansu suka biyo kayan nasu, suka kama sito-sito da ofisoshi a cikin kasuwar da kewayenta. Zuwan nasu ya haifar da ƙorafin da har yau bai kwanta ba, wanda ake yawan bayyana shi a jaridu da gidajen rediyo kamar sa-in-sa ce tsakanin al'umma biyu, Kanawa a gefe guda, Sinawa a ɗaya gefen. Wannan fahimta ta gaza ƙwarai, domin bakin 'yan kasuwar Kano bai taɓa zama ɗaya a kan baƙin ba. Abin da ake jayayya a kansa shi ne matsayin da ya halatta baƙo ya tsaya a kai a cikin jerin hannuwan da kaya suke bi daga masaƙa zuwa jikin mai sawa, kuma ra'ayin kowane ɗan kasuwa yana bin inda shi kansa yake tsaye a cikin wannan jeri.

Kano ba ta rasa sabo da baƙon ɗan kasuwa ba. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ake danganta kafa Kasuwar Kurmi da mulkinsa a ƙarshen ƙarni na 15, fatake suke sauka a birnin, kuma Larabawan Gadamas da Tarabulus sun zauna a cikin ganuwa har unguwarsu ta Dandalin Turawa ta shahara, suka yi aure, suka bar zuriya. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya ziyarci birnin a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne saƙa da rini, da yadda tufafin Kano suke ƙetare Sahara suna kaiwa har Tumbutu da Tarabulus. Bayan isowar jirgin ƙasa a 1911 sai kamfanonin Turawa irin su John Holt da CFAO suka kafa kantuna, Kwarori kuma, wato mutanen Labanan da Sham, suka shiga tsakaninsu da 'yan ƙasa, kuma a unguwarsu ne kasuwar Kwari ta yanzu ta tsiro. Dokar mayar da sana'o'i hannun 'yan ƙasa ta 1972, da wadda ta ƙarfafa ta a 1977, sun keɓe ƙananan cinikayya ga 'yan Nijeriya, ta haka shagunan da yawa suka koma hannun Hausawan da a da yaran Kwarorin ne ko dillalansu. Manyan 'yan Kwari na yau magada ne na wannan sauyi, kuma a zukatansu maganar cewa ciniki a cikin kasuwa haƙƙin ɗan ƙasa ne magana ce da aka riga aka yanke tun tuni.

Sinawan farko da suka zo arewa masu masana'antu ne daga Hong Kong, kuma tarihinsu ya saɓa da na masu zuwa yanzu. A 1964 Cha Chi Ming ya kafa masaƙar United Nigerian Textiles a Kaduna, wadda ta zama ɗaya daga cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, iyalin Lee kuma suka kafa masana'antun roba da silifa a Kano. Waɗannan mutane sun ɗauki dubban ma'aikata, suna sayar da abin da suka ƙera ga dilolin gida, don haka babu wanda ya ɗauke su a matsayin abokan hamayya a bakin shago. A shekarun 1980, bisa ƙiyasin da aka fi ambata, Nijeriya tana da masaƙu kusan 175, kuma yankunan masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa suna cike da ma'aikata dare da rana. Sai dai kafin atamfar Sin ta mamaye kasuwa masaƙun sun riga sun kamu da ciwo: shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira har sayen kayan gyaran injuna ya zama jan aiki, wutar lantarki ta ƙi tsayawa, baƙin mai na tukunyar tururi ya yi tsada, noman auduga kuma ya ja baya. Masaƙar Kaduna Textiles, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, ta Cha kuma ta dakatar da aiki a 2007. Adalci ya wajabta a faɗi cewa kayan Sin sun tarar da masana'antar a kwance ne suka ƙarasa ta, kuma ɗaya daga cikin manyan waɗanda suka faɗi kamfani ne na Basine.

Akwai wani ɓangaren tarihin da ba a cika son tunawa da shi ba a Kwari, shi ne cewa 'yan kasuwar Kano ne suka fara zuwa wurin Sinawa kafin Sinawa su zo wurinsu. Da farko Dubai ake zuwa sari, daga baya aka gane cewa kayan Dubai ma daga Sin suke, sai aka miƙe zuwa Guangzhou da Yiwu da Keqiao ta lardin Zhejiang, inda ɗaya daga cikin manyan kasuwannin yadi na duniya take. Shigar Sin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disamban 2001, da ƙarewar tsarin kason tufafi a farkon 2005, wato yarjejeniyar da ta daɗe tana ƙayyade yawan tufafin da wata ƙasa za ta iya sayarwa wata, sun sa masaƙun Sin suka faɗaɗa har suka fi ƙarfin kasuwanninsu na da. Alhazan Kano suka riƙa ɗaukar samfurin zanen da mata suke so, su miƙa wa masaƙa, su faɗi nauyi da faɗi da farashin da suke buƙata. A daidai wannan lokaci gwamnatin Obasanjo ta haramta shigo da atamfa, amma haramcin bai hana atamfar shigowa ba; ya dai karkatar da ita zuwa tashoshin Kwatano da Lome, daga nan ta bi mota ta Jamhuriyar Nijar, ta shigo ta iyakokin Katsina da Jigawa a hannun masu fito. Da masu masaƙun Sin suka lura da yawan odar da ke zuwa daga gari guda, kuma suka riga suka koyi launi da zanen da ke tafiya a can daga bakin abokan cinikinsu, sai suka aiko wakilansu su zauna a garin.

Daga nan ne lissafin ya sauya. Babban ɗan kasuwar Kano da ke shigo da kaya sai ya nemi biza, ya biya kuɗin jirgi da masauki da tafinta, ya sayi dala a kasuwar canji, ya ajiye kafin alƙalami, sannan ya jira wata biyu ko uku kafin kaya su iso, kuma duk wannan lokaci jarinsa a ɗaure yake. Wakilin masaƙa kuwa sau da yawa ɗan'uwan mai masaƙar ne ko ɗan garinsu, yana karɓar kaya bashi a farashin ƙofar masana'anta, yana biya bayan ya sayar, kuma idan wani zane ya kama kasuwa a makon nan, hotonsa yana isa Sin ta waya a ranar. Idan su biyun suka ajiye dila iri ɗaya a layi ɗaya, babu yadda na farkon zai yi ya sayar a farashin na biyun ba tare da ya ci uwar kuɗinsa ba. Da a ce wakilin ya tsaya ga sayar wa manyan diloli kwantena-kwantena, da rikicin bai yi zafi ba, domin a wannan hali ya zama kamar kamfanonin Turawa na da, yana sama, 'yan gari suna ƙasa suna rarrabawa. Ƙorafin da ya fi yawo a bakin shugabannin kasuwa shi ne cewa baƙin sun sauko, suna sayar da dila ɗaya ko ma turame kaɗan ga duk wanda ya zo da kuɗi, har baƙon da ya taso daga Damagaram, wanda ubansa da kakansa suke da mai masauki a Kwari, ya koyi hanyar siton Basine ya daina biyawa ta shagon maigidansa.

Abin da ya zama asara ga babban dila, sauƙi ne ga mutane masu yawa da ba a cika jin muryarsu a taron manema labarai ba. Yaron da ya tara ɗan jarin da bai kai na tikitin jirgi ba yana iya shiga sito ya ɗauki turmi ashirin, ya baza a tebur a bakin layi, ko ya ɗauki hotunansu ya tallata a WhatsApp, ya mayar da kuɗi da yamma ya sake ɗauka gobe. Matan aure masu sayar da atamfa a cikin gida, waɗanda yawansu ya ƙaru sosai da yaɗuwar wayar hannu, suna cin wannan moriya ta hannun ƙannensu da 'ya'yansu. Masu gidajen kasuwa sun sami 'yan haya da ke biyan kuɗin shekara a dunƙule, abin da ya ɗaga haya ga kowa, ya faranta wa mai gida, ya ƙuntata wa ɗan haya na asali. 'Yan dako da masu kura da direbobi da 'yan kamasho, wato masu kai mai saye wurin mai kaya a ba su lada, duk ba ruwansu da asalin mai sito muddin kaya suna motsi. A ƙarshen jerin kuma akwai mai saye: magidancin da yake son ɗinka wa 'ya'ya bakwai kayan salla, da saurayin da ake jira ya cika akwatunan lefe da albashin da bai taka kara ya karya ba. Ga irin waɗannan, atamfar Sin irin su Hitarget ita ce ta rufa asiri, domin Holan ta Vlisco da shaddar Getzner sun daɗe da fin ƙarfin talaka.

Ana yawan kafa hujja da cewa araha ba ta ado, kuma gaskiya ne akwai atamfar da wanki biyu yake kashe launinta, akwai wadda roba ta yi mata yawa har ba ta sawuwa a zafin bazara. Amma duk wanda ya taɓa yin oda a masaƙar Sin ya san cewa tana buga kaya daraja-daraja, kuma wanda ya yi odar ne yake zaɓen darajar da aljihun abokan cinikinsa zai ɗauka. Laifin da ya fi wannan nauyi shi ne na jabu. A gefen kowane turmi akwai siririn layi da ake buga sunan kamfani da lambar zane, akwai kuma takardar da ake mannawa a fuska, kuma waɗannan su ne shaidar da mai saye yake dubawa. An daɗe ana kwaikwayon su, har da rubuta cewa a Nijeriya aka yi kayan, ta yadda masaƙar gida da ta biya mai zane ta fitar da sabon fure za ta tarar da kwafinsa a kasuwa cikin 'yan makonni a rabin farashi. Wannan sata ce tsagwaronta, sai dai hannu biyu ne a cikinta, domin wani ne daga cikin kasuwar ya sayi turmin asali ya aika, wani kuma ya buga.

Waɗanda suka fi kowa cancantar a tsaya a kan lamarinsu su ne marina. Karofin Ƙofar Mata, wanda ake cewa tun 1498 yake, da ɗimbin masu rinin zamani da ke cikin unguwanni, sun rayu ne a kan sayen farar shadda su rina ta, su kai wa masu bugu su fito da ƙyallinta, su sayar. A wannan tsari shigo da farin yadi daga waje bai cutar da su ba, har ma ya ba su abin aiki da sauƙi. Da aka fara shigo da shadda rinanniya, da yadin da inji ya buga masa zanen ɗauri irin na hannu, sai aikin marini da na mabugi da na matan da suke ɗaurin zane a cikin gida duk suka zama abin da ba a buƙata. A 2015 ɗaruruwan marina suka fito zanga-zanga a titunan Kano suna kuka da wannan, a shekarar ne kuma jami'an kwastan suka rufe sito-sito masu yawa a birnin bisa zargin fasa-ƙwaurin tufafi, Sarki Muhammadu Sanusi II kuma ya faɗa wa jakadan Sin illar da dogaro da kayan waje yake yi wa sana'o'in gida. Babban dila da aka ture daga shigo da kaya yana da jarin da zai juya zuwa gidaje ko wata haja, amma marini ba shi da komai sai gwanintar hannunsa, kuma idan ta mutu a tsara guda ba a farfaɗo da ita da takardar gwamnati.

Matsayin doka a kan wannan batu yana da ruɗani fiye da yadda ake zato. Dokar hukumar bunƙasa zuba jari ta 1995 ta kawo ƙarshen tsarin da dokokin 1972 da 1977 suka kafa, ta halatta wa baƙo ya mallaki kamfani ɗungurungum a kowace sana'a in ban da 'yan kaɗan irin su makamai da miyagun ƙwayoyi, kuma ba ta keɓe cinikin ɗai-ɗai ga ɗan ƙasa ba. Abin da ya rage a hannun hukuma shi ne izinin kasuwanci da gurbin ma'aikata baƙi, wato adadin baƙin da Ma'aikatar Cikin Gida take yarje wa kamfani ya kawo domin aikin da ake ganin babu isassun 'yan ƙasa masu iya shi. Ta wannan ƙofa ce Hukumar Shige da Fice ta kama Sinawa 45 a Kano a watan Mayun 2012, bisa hujjar cewa sayar da atamfa a kasuwa ba ya cikin abin da aka ba su izinin yi. Samamen ya faranta ran mutane na ɗan lokaci, amma bai sauya tsarin ba, domin wanda aka hana zama a shago yana iya komawa gidan haya a wata unguwa, ya sa yaro ɗan gari a gaba, ya yi rajista da sunan wani. Ƙasar Ghana ta bi hanyar rubuta abin a fili: dokarta ta 2013 ta hana baƙo ciniki a rumfar kasuwa, ta kuma shar'anta jarin dala miliyan 1 da ɗaukar 'yan ƙasa 20 ga baƙon da yake son kamfanin saye da sayarwa, ko da yake can ma aron suna ya raunana ta, kuma 'yan Nijeriya mazauna Accra da Kumasi sun fi Sinawa ɗanɗana zafinta. Malawi a 2012 ta taƙaita baƙin 'yan kasuwa ga manyan biranenta, 'yan kasuwar Kampala kuma sun rufe shaguna a 2011 suna ƙorafi iri ɗaya. Rashin rubutacciyar iyaka a Nijeriya ya cutar da kowa: ɗan gari ba shi da ayar da zai kai kotu, baƙo ba shi da tabbacin abin da zai same shi gobe, kuma a irin wannan duhu mai karɓar na goro ne kaɗai yake cin riba.

Abin da ya faru a Dakar ya fito da rabuwar kan 'yan gari fili fiye da ko'ina. A can Sinawa sun kama ɗakunan gaba na gidajen da ke kan babban titin Centenaire suka mayar da su shagunan takalma da jakunkuna da kayan ƙyale-ƙyale, matasa kuma suka jera tebura a ƙofar shagunan suna sayar da abin da suka saro daga ciki. A 2004, sa'ad da ƙungiyar 'yan kasuwa ta UNACOIS ta tashi haiƙan tana neman a taka wa baƙin burki, ƙungiyar kare masu saye ta ASCOSEN ta fito ta mara wa Sinawan baya a bainar jama'a. Kano ba ta da ƙungiyar masu saye mai irin wannan ƙarfi, don haka muryar da ake ji ita ce ta masu shigo da kaya, ɗaya ra'ayin kuwa a ƙofar sito ake bayyana shi, da kuɗi a hannu.

Duk da haka kuskure ne a mayar da lamarin lissafin riba kaɗai, domin akwai wani ciwo na zamantakewa da farashi ba ya bayyana shi. Ciniki a Kwari ya ginu ne a kan alaƙar maigida da yaro. Yaro yana shiga shago ba da albashi tsayayye ba. Maigida yana ciyar da shi, yana yi masa ɗinkin salla, yana tsaya masa a aurensa da rashin lafiyar mahaifiyarsa, kuma bayan shekaru ana sa ran ya sallame shi da jari ko ya riƙa ba shi kaya bisa amana har ya tsaya da ƙafarsa. Basine mai sito yana biyan albashin wata, yana ganin ya sauke nauyi, yana kuma ɗaukar roƙon taimakon suna ko na asibiti a matsayin kwaɗayi ko rashin kunya. Yaron kuma yana ganin mutumin da yake ƙirga miliyoyi a gabansa, bai taɓa tambayarsa lafiyar gida ba, a matsayin marowaci marar mutunci. Masu bincike Karsten Giese da Alena Thiel sun tarar da irin wannan saɓani a shagunan Sinawa na Accra, inda kowane ɓangare yake ganin shi ne aka zalunta, alhali ma'aunin kirki ne ya bambanta. Ga kuma rashin harshe: ciniki yakan gudana da guntun Ingilishi da guntuwar Hausa da kalkuleta, mai kaya ya danna lamba ya juyo da fuskarta, mai saye ya goge ya danna tasa, a ƙulla cinikin miliyoyi ba tare da doguwar gaisuwar da Bahaushe yake auna mutum da ita ba. Idan aka yi rasuwa a layi, maƙwabta suka rufe shago suka tafi jana'iza da zaman makoki, wanda bai zo ba an lura da shi, ko da rashin sani ne ya hana shi.

Ta fuskar baƙin ma akwai dalilan da ya kamata a fahimta. Da yawansu ba attajirai ba ne, kuma babu shaidar cewa gwamnatinsu ce ta turo su kamar yadda ake raɗe-raɗi. Mutane ne da suka haɗa jari daga dangi, suka zo da niyyar shekaru kaɗan su biya bashi su koma, suka bar 'ya'yansu a hannun kakanni. Gasar da ta fi damunsu ita ce ta 'yan'uwansu Sinawa da ke sayar da kaya iri ɗaya. Sun zauna a Kano a shekarun da suka biyo bayan hare-haren da aka kai wa birnin ranar 20 ga Janairun 2012, sannan a zamanin garkuwa da mutane, suna riƙe da tsabar kuɗi, ba su jin abin da ake faɗa a kewayensu, kuma duk mai kaki yana iya tsayar da su. Mutumin da yake cikin wannan hali daga sito sai gida, a mota mai rufaffen gilashi, kuma wannan killace kai da tsoro ya haifar shi ne ɗan gari yake karantawa a matsayin girman kai. Kwarori ma an yi musu irin wannan zargi a zamaninsu, amma sun zauna tsara uku ko huɗu, 'ya'yansu sun tashi da Hausar Fagge a baki, da yawansu kuma Musulmi ne da ake haɗuwa da su a sahu. Sinawan Kwari ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan gadoji, sai 'yan kaɗan da suka daɗe suka koyi harshen.

Masarautar Kano ta nemi cike wannan giɓi ta hanyar da ta sani. A watan Afrilun 2019 Sarki Sanusi ya naɗa ɗan kasuwa Mike Zhang a matsayin Wakilin 'Yan China, bisa tsohuwar al'adar nan ta sa wa kowace al'ummar baƙi shugaba daga cikinta wanda fada za ta kira idan an yi saɓani, kuma wanda zai kai kukan mutanensa. Wasu sun soki naɗin a matsayin miƙa wuya, amma sukar ba ta yi la'akari da ma'anar rawanin ba: wanda aka naɗa ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya karɓi nauyin amsa tambaya a kan mutanensa, kuma wannan shigar da baƙo ne ƙarƙashin tsarin gari. Iyakar abin ita ce Sinawan ba al'umma ɗaya ba ce mai jin maganar mutum guda, sun fito daga larduna dabam-dabam, suna hamayya da juna, kuma fada ba ta da iko a kan biza ko harajin kwastan ko rajistar kamfani, waɗanda su ne ainihin inda rikicin yake.

Abin da ake yi wa 'yan Afirka a Sin shi ma yana dawowa kasuwa. A watan Afrilun 2020, a tsakiyar annobar korona, an fitar da baƙaƙen fata da yawa daga gidajen haya da otal-otal a Guangzhou, hotunansu suna kwana a titi suka bazu, har Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin ya nuna masa su. A watan Afrilun 2024 kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta rufe wani kantin Sinawa a Abuja bisa zargin hana 'yan Nijeriya shiga. Ɗan Kwarin da ya sha wahalar biza da binciken 'yan sanda a Guangzhou, kuma ya san ba zai iya kafa tebur a kasuwar can yadda ya ga dama ba, yana da hujja mai ƙarfi idan ya tambayi dalilin da ya sa tasa kasuwar take buɗe haka.

Buƙatar da kusan kowa ya haɗu a kanta ita ce baƙin su kafa masaƙu a Kano maimakon shigo da abin da aka gama, kuma buƙata ce mai kyau, sai dai matsalolin da suka rufe masaƙar Cha suna nan ba su gusa ba. Babu mai jarin da zai saƙa da janareta abin da zai iya kawowa daga Zhejiang a farashi ƙasa da haka. Manufofin gwamnati kuma ba su tsaya wuri ɗaya ba balle a yi gini a kansu: an cire tufafi daga jerin haramtattun kaya, sannan a Maris na 2019 Babban Banki ya hana masu shigo da su dalar gwamnati, a Agustan shekarar aka rufe iyakokin ƙasa har zuwa Disamban 2020, a Oktoban 2023 kuma aka janye hanin dalar. Yarjejeniyar musayar naira da yuwan ta 2018, wadda aka ƙulla domin ɗan kasuwa ya biya masaƙar Sin ba tare da ya bi ta dala ba, ba ta kai ga yawancin 'yan Kwari ba. Faɗuwar naira tun daga 2023 ta ƙara faɗaɗa tazarar, domin wanda yake sayen dala da tsabar kuɗi kafin ya ga kaya ya fi shan wuya a kan wanda ɗan'uwansa yake aiko masa da kaya bashi.

Jayayyar kuma ta riga ta tsallaka daga tufafi zuwa amfanin gona. A kasuwar Dawanau da ƙauyukan da suke ciyar da ita, dillalan riɗi da zoɓo da citta suna kuka da baƙin masu saye, cikinsu har da Sinawa da Indiyawa, waɗanda suke tsallake su suna tura wakilai har bakin gona, manomi kuma, kamar ɗan tebur na Kwari, yakan yi maraba da wanda ya zo da tsabar kuɗi. A Maris na 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da hana baƙi sayen amfanin gona kai tsaye daga hannun manoma, ta ce sai ta hannun dillalai 'yan ƙasa masu lasisi. A wannan fanni gwamnati ta ja layin da ta ƙi ja a cinikin tufafi, ko da yake aron suna, wanda ya raunana dokar Ghana kuma ya shafe tasirin samamen 2012, yana nan a buɗe ga duk baƙon da ya sami ɗan gari mai lasisi da zai tsaya masa a gaba.